Makullin Ruwa: Daga Madatsar Hoover Zuwa Kadawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga ƙasa kore shar a tsakiyar rani, kwandunan tumatir jere a bakin titi, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Wannan albarka duka a kan bango guda take rataye, wato madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gama cinye dabbobi da amfanin gona a faɗin Sahel. Daga can ruwa ke biyo babbar magudana, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Mallam. Mai ikon buɗe ƙofar ruwan da rufe ta shi ne mai cewa wa zai girbe, wa zai kwana da bashi.

Akwai wasan kwamfuta da ya ɗauki wannan batu da muhimmancin da ba kasafai ake samu a takardun hukuma ba. Sunansa Fallout: New Vegas, kamfanin Obsidian ya fitar da shi a 2010. Labarin yana faruwa a shekarar 2281, ƙarni biyu bayan yaƙin nukiliya ya ƙone duniya. A hamadar Nebada ta Amurka abu ɗaya mai daraja ya tsira, madatsar Hoover da ke kan kogin Kolorado, mai ba da ruwa mai tsabta da wutar lantarki. Mai wasa ɗan aike ne da aka harba a kai aka binne, bai mutu ba, kuma a ƙarshe shi zai zaɓi wanda zai riƙe madatsar. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma manomin Garun Mallam ya taɓa jin kowace daga cikinsu da Hausa.

Ɓangare na farko shi ne Sabuwar Jamhuriyar Kalifoniya. Tana da shugaba zaɓaɓɓe da majalisa da kotu da haraji, ta haramta bauta. Tana kuma da duk cututtukan da aka san irin wannan gwamnati da su: jami'ai masu jan ƙafa, sojoji marasa kayan aiki, da manyan masu garken shanu da ke juya 'yan siyasa yadda suke so. Hujjarta ita ce doka ta fi son zuciyar mutum ɗaya, ko da dokar tana ɗingishi. Sai dai tana ɗauke da jini a hannunta, domin a wani wuri mai suna Bitter Springs sojojinta sun buɗe wuta a kan mata da yara da tsofaffi masu gudu. Wanda ya san tarihin madatsun Arewa ba zai rasa tuna Bakolori ba. A watan Afrilun 1980, manoman da aka karɓe wa gonaki kusa da Talata Mafara suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Kuma gwamnatin farar hula ce, zaɓaɓɓiya, ke kan mulki a lokacin.

Na biyu shi ne Rundunar Kaisar. Jagoranta mutum ne mai karatu, wanda ya haɗiye ƙabilu sama da 80, ya shafe sunayensu da harsunansu, ya mayar da mazansu mayaƙa, matansu bayi. Yana gicciye mutane a bakin hanya don sauran su gani. Abin da ke sa wannan ɓangare ya fi ƙarfin a kira shi mugu kawai a wuce shi ne shaidar fatake: a cikin wasan sun yarda cewa hanyoyin ƙasar Kaisar sun fi na Jamhuriya aminci, babu ɗan fashin da ke taɓa ayari. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato, inda jama'a ke haɗa kuɗi su kai wa ɗan bindiga don ya bar su su yi noma, wasu har su ce tun da aka biya an samu sauƙi. Sauƙin gaskiya ne, kuma bai kamata mai zaune a Abuja ya yi wa wanda ya biya dariya ba. Amma zaman lafiyar da tsoro ya haifa yana tafiya ne da lafiyar wanda ake tsoro. Wasan ya nuna haka da wayo: Kaisar, wanda ya hana mayaƙansa magungunan zamani, yana fama da ƙari a ƙwaƙwalwa, yana kuma ɓoye na'urar jinya a tantinsa. In ya faɗi, mai gadonsa mahauci ne kawai, ba shi da ko falsafar.

Na uku, Mista House, shi ne ya fi jan hankalin masu ilimi, don haka ya fi cancantar a yi masa kallon tsanaki. Attajiri ne masanin fasaha da ya hango yaƙin tun kafin ya zo, ya kare birninsa, ya raya kansa cikin na'ura sama da shekara 200. Ba ya gicciye kowa, ba ya kuma tambayar ra'ayin kowa. Yana mulki da mutum-mutumi masu bindiga, kuma ba a shiga unguwarsa mai walƙiya sai an nuna dukiya a ƙofa, alhali a bayan katangar talakawa na kwana da yunwa. Alkawarinsa shi ne a bar masa komai, zai kai ɗan Adam har sararin samaniya. Irin wannan fata, na cewa babban jari guda zai warware abin da hukuma ta kasa, an yi shi a Kadawa lokacin da masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote ta buɗe a 2016. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta ta afka wa gonaki, tumatir ya yi ƙaranci, injuna suka tsaya. Kamancen bai shafi halin kowa ba, ya shafi tsari ne: lissafin da ya dogara ga kai ɗaya, komai kaifinsa, tsutsa ma tana iya rusa shi, kuma manomin da ya shuka don kasuwa guda ba shi da wurin kai ƙara.

Akwai hanya ta huɗu, inda ɗan aiken ke korar kowa ya riƙe madatsar da kansa, da taimakon wata na'ura da aka ƙera ta yadda ba za ta iya ce masa a'a ba. Masu wasa da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin 'yanci. Duk wanda ya taɓa ganin mai mulki kewaye da 'yan amshin shata ya san sunansa na gaskiya.

Inda wasan ya fi zurfi, duk da haka, wani ƙaramin labari ne da ke gefe. Manoman da ke noma wa Jamhuriya a bayan gari suna kukan ruwansu yana raguwa, ga kason amfanin gona da aka ɗora musu. Wani kofur mai suna White ya fara bincike, sai ya ɓace. Idan mai wasa ya bi sawu, zai tarar cewa wani mutum daga ƙungiyar masu jinya da koyarwa kyauta, mutanen da suka fi kowa kyakkyawar niyya a wasan, shi ke karkatar da ruwan zuwa wata unguwar talakawa da Jamhuriya ta manta da ita, kuma shi ya kashe kofur ɗin don asiri ya rufu. In an tona, unguwar na iya rasa ruwanta. In an rufe, manoma su ci gaba da asara, jinin White ya tafi a banza.

Wannan shi ne rikicin kowace magudana. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yana sha ya ƙoshi, na can wutsiya yana jira, musamman in yashi da kachalla sun toshe hanya. Wani ya fasa gefen magudana da dare, wani ya dasa injin ban ruwa inda ba a ba shi izini ba, kuma kowannensu yana da 'ya'yan da zai nuna. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sanin matsalar, shi ya sa ya ba na sama damar ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya wajabta masa ya sake shi ga na ƙasa. Hikimar hukuncin tana cikin iyakar da ya gindaya: idon sawu abu ne da na ƙasa zai iya zuwa ya gani da idonsa, ya yi magana.

Da wannan ma'auni ne Jamhuriya, duk da kunyarta, ta fi sauran. A ƙasar Kaisar mai ƙorafi gawa ne, a birnin House kuwa ba shi da ƙofar shiga. A Jamhuriya kaɗai ake iya tuhumar jami'i, a kayar da shugaba, a kira abin da ya faru a Bitter Springs da sunansa. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nazarci tsare-tsaren ban ruwa a ƙasashe da dama, ta nuna cewa waɗanda suka fi daɗewa su ne inda masu shan ruwan ke da hannu wajen kafa ƙa'ida da sa ido a kanta. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke aiki tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mataki ne a wannan hanya, matuƙar muryar mai kadada ɗaya a wutsiya tana da nauyi a zaman kamar ta mai kadada hamsin.

Sai dai wutsiyar gaskiya ba a Garun Mallam take ba. Ruwan da Tiga ta tare, da wanda madatsar Challawa ta ƙara tarewa daga 1992, shi ne a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ya ciyar da masunta da makiyaya da masu noman shinkafa har zuwa Gashuwa da kogin Yobe. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa nazarin da ya nuna cewa ribar da manyan ayyukan ban ruwa na sama ke kawowa ba ta kai asarar da fadamun ke yi ba. Manomin Kadawa da ke ganin kansa a matsayin wanda na sama suka tauye, a idon masuncin Nguru shi ne na saman, kuma masuncin ba ya cikin waɗanda ake gayyata idan ƙungiyar manoma ta zauna rabon ranakun ruwa.