Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tafiyar da Asibitocin Kuɗi a Amurka



Na san ƙa'ida ta ba ku damar cin tarar majinyacin da bai zo ganin likita a ranar da aka sa masa ba. Tun 2007 hukumar CMS, mai kula da inshorar lafiya ta gwamnati, ta yarda a karɓi wannan kuɗi a hannun mai inshorar Medicare, muddin daidai yake da abin da kuke karɓa a hannun kowa. Amma Medicare ba ta biyan ko sisi. Daga aljihun majinyacin zai fita, galibinsu kuma tsofaffi ne da suka kai shekara 65. Masu inshorar Medicaid kuwa, hukumar ta hana a caje su.

Likita ya zauna jiran wanda bai zo ba asara ce, ban musa ba. Sai dai don Allah ku tambayi dalili kafin ku aika takardar bashi. Wata tsohuwar ba ta sami mai kai ta ba ne, wani kuma ciwon ne ya kayar da shi da asuba. Mai ciwon suga da bashi ya firgita yakan daina zuwa, sai an kwaso shi ranga-ranga. Ku yafe karon farko, ku riƙa buga musu waya tun ana gobe.

Wassalam.