Sharhi: Ƙure Wa Na'urar Wi-Fi Ƙarfi Asara Ce Ga 'Yan Kasuwa

A shekarar 1985 ne hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe zangon rediyo na gigahaz 2.4 ga kowa ba tare da lasisi ba, kuma a kansa aka gina Wi-Fi bayan fitowar ƙa'idar 802.11 a 1997. To amma makiyayar da ba ta da mai ita, kowa kiwo yake yi, babu mai tattalin ciyawa.

Tashoshi uku kacal ne a wannan zango ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11. A manyan rukunan shaguna na Legas da Abuja kuwa, kusan kowane ɗan haya da na'urarsa, an ƙure mata ƙarfi. Alhali na'urorin da ke tasha ɗaya dole su saurari juna, sai ɗaya ta yi shiru ɗaya ke aikawa. Ke nan wanda ya ƙara ƙarfi ya ƙara yawan masu jiran layi ne, har da shi kansa. Wayar abokin ciniki ma ba ta da irin wannan ƙarfi: tana jin na'urar daga nesa, na'urar ba ta jin amsarta. Ciniki ya tsaya, mai shago ya zargi kamfanin intanet, ya ƙara kuɗin wata a banza.

A ganinmu, gyaran ya fi wannan araha. A rage ƙarfi, a raba tashoshi, masu sababbin na'urori su koma gigahaz 5, inda tashoshi suka fi yawa. Masu gine-gine su sanya wannan cikin yarjejeniyar haya, kamar yadda suke raba kuɗin man janareta.