Filin Mata: Kafin Maigida Ya Kama Gida

'Yan'uwana mata, in maigida ya tashi sayen fili ko kama haya, kada ku tsaya kan faɗin tsakar gida kaɗai. Ku tambaya, shin yara sa iya takawa makaranta, ko su hau keke, ba fargabar mota?

A birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak, cikin 1962, aka hana motoci bin babban titin kantuna, watau Strøget. Masu kanti suka yi ta kuka, wai ciniki zai mutu. Ina! Hayaƙi ya ragu, masu tafiya a ƙasa suka ƙaru, wurin ya yi daraja, har kuɗin haya ya fi ƙarfin ƙananan 'yan kasuwa da dama.

To, in kun hangi unguwa mai inuwa da hanyar ƙafa, ku matsa wa maigida tun ba ta yi tsada ba.