Filin Lafiya: Daga ina kirci yake fitowa?

Da zarar iskar hunturu ta taso daga watan Nuwamba, gidajen likita na Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da mata goye da jarirai masu kaushin kumatu, suna kuka suna goga fuska a zanen goyo. Cutar da likitoci suke kira egzema, wadda Bahaushe ya sani da kirci, ita ce ke bayan da yawa daga cikin wannan kuka.

Da farko ya kamata a raba ta da maƙwabtanta, domin a kasuwa duk abin da ya fito a fata sunansa ɗaya. Ƙazwa ƙwaro ne ke haƙa fata, tana kama tsakanin yatsu, ta bi gida ɗaki ɗaki. Makero da kyasbi aikin wani irin naman gwari ne da ido ba ya gani. Kirci kuwa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko da an kwana a tabarma ɗaya. Bushewa ce da kumburin fata da ƙaiƙayi mai hana barci. A jikin Bature ja yake fitowa, amma a baƙar fata wurin yakan yi duhu ko toka-toka, shi ya sa akan daɗe ba a gane shi ba.

A wurin jariri, babban tushensa gado ne. Fatar mutum kamar yaɓen katanga take: tana tsare ruwan jiki, tana hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Wasu yara ana haihuwarsu da yaɓe mai rauni. A shekarar 2006 masu bincike a Dandi ta ƙasar Sikotilan suka gano cewa naƙasar wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan dalilan haka, ko da yake an fi samun wannan naƙasa a Turawa da mutanen Asiya fiye da ƴan Afirka. Gidan da uba yake da asma, ko uwa take fama da atishawa duk lokacin ƙura, can aka fi ganin kirci. Yakan fara tsakanin wata 2 zuwa 6, a kumatu da goshi. In yaro ya girma sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Da yawa yana barinsu kafin su balaga.

Gado shi kaɗai ba ya tayar da shi. Busasshiyar iska, ruwan wanka mai zafi ƙwarai, sabulu mai kaifi, soso mai kaushi, rigar sanyi ta ulu ko ta leda, turaren da ake fesa wa jariri, gumin watan Afrilu: kowannensu yana ƙara tsaga yaɓen. Yaro ya sosa, fata ta fashe, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya fara ruwa da ɓawo rawaya.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi cutar kanta haɗari. Sai tsofaffin gida su ce nonon uwa ne ya ɓaci, a hana ta ƙwai da gyaɗa, wani lokaci ma a yaye ɗan wata 5. Gaskiya ne madarar shanu, ƙwai ko gyaɗa suna tsananta kirci a jikin wasu yara, amma su ne ƙalilan, kuma likita ne zai tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce a ba jariri har wata 6. Wanda aka yaye saboda ƙurajen kumatu ya bar ƙaiƙayi ya faɗa hannun zawo da tamowa, kuma waɗannan biyun kisa suke yi.

Ga manya, sau da yawa sana'a ce ko ado. Magini da ke kwaɓa siminti da hannu yana taɓa sinadarin kurom; Tarayyar Turai ta ƙayyade yawansa a siminti tun 2005 saboda hannayen magina. Matar da ke wuni cikin ruwan Omo da Javel, yatsunta ne ke fara tsagewa. Ma'aikacin biro da ya ga duhu a wuyan hannu ko ƙarƙashin cibiya, ya dubi agogonsa da kan bel ɗinsa, domin ƙarfen nikel ne ke yin haka, kamar yadda yake yi wa kunnen mata a ƴan kunne masu araha. Baƙin lallen biki, wanda ake haɗawa da maganin rina gashi, yana iya tayar da bororo daidai zanen da aka yi, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Dattijon ɗan kasuwa mai kumburin ƙafa, shi nasa daga jijiyoyin jini ne da suka gaji da mayar da jini sama. Damuwa da rashin barci ba su haifar da cutar, amma suna rura ta.

Sai maganar man shafawa na masu talla a faranti. Da yawansu, har da mayukan sa fata haske, suna ɗauke da kwartizon mai ƙarfi irin kulobetazol. Kwana 3 ƙurajen su kwanta, uwa ta yi murna ta ci gaba da shafawa wata da watanni. Fatar jariri siririya ce, tana tsotse maganin zuwa cikin jini, ta ƙara sirancewa, kuma ranar da aka daina sai kircin ya dawo da ƙarfinsa. Kwartizon magani ne na gaske a hannun likita, wanda zai zaɓi mai sauƙi don fuskar yaro, ya faɗi kwanakin shafawa. Abin da ke hannun uwa kuwa shi ne wanka gajere da ruwa mai ɗumi, yanke farcen yaro, tufafin auduga, da shafa man kaɗe ko bazilin marar turare tun jiki bai gama bushewa ba, safe da yamma. In wurin ya fara ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai shi likita a ranar.