Kunya a Gaban Masu Ɗaukar Aiki



Ranar 15 ga Maris, 2014, matasa suka yi cincirindo a babban filin wasa na Abuja da wasu filaye a Fatakwal da Minna da Binin, don jarrabawar shiga hukumar shige da fice. Sama da mutum 500,000 ne suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsutsun, Allah ya jiƙansu. A ƙasar da ake neman aiki haka, wanda aka kira intabiyu ya riga ya tsallake dubbai. Abin takaici, a kan kujerar nan yaranmu da yawa ke zubar da damarsu, kuma ba don rashin ilimi ba.

Mun tarbiyyantar da yaro kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya, mun kuma nanata masa cewa yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. To amma ga shi a intabiyu gaban mutum huɗu, wani daga Legas, wata daga Inugu, an ce ya gabatar da kansa. Sai ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunansa da garinsu, ya yi shiru. Shi a ganinsa ladabi ya yi. Su kuwa sun rubuta cewa bai san komai ba.

Ɗan'uwa, ba wanda ya ce ka yabi kanka. Aikin da ka yi za ka faɗa, shi zai yabe ka. Kada ka ce kai mai ƙwazo ne. Kowa ma haka yake cewa. Ka ce lokacin bautar ƙasa ka koyar da lissafi a makarantar ƙauye, ga yawan ɗaliban, ga yadda ka yi da babu littattafai. In ka tsare shagon mahaifinka a Kantin Kwari, kana riƙe littafin bashi kana lallashin kwastoma mai fushi, wannan ƙwarewa ce. Ke ma da kike tara kuɗin adashe ko sayar da atamfa ta WhatsApp, kin riƙe amanar dukiyar mutane, ki faɗa da bakinki. Mutanenmu na ɓoye irin wannan wai don ba aikin ofis ba ne.

Sai sanin inda za ka. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. Wanda zai je can bai san bambancin murabaha da mudaraba ba, ai ya kayar da kansa tun daga gida. Turancin ma a gwada shi da baki, ka sa abokinka ya yi ta jefo maka tambayoyi har harshe ya saki. Idan wata tambaya ta gagare ka ranar intabiyu, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo amsar. Masu ɗaukar aiki sun saba gane kame-kame.

Na san wani zai ce, ai duk sai kana da hanya. Akwai wannan, ba na musu, musamman a wasu ma'aikatun gwamnati. Amma ɗan kasuwar da zai biya albashi daga aljihunsa ba ya son ɗan lele, mai iya aiki yake nema.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mu 'yan Arewa: suna. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a katin ɗan ƙasa, a takardar digiri kuma an ƙara sunan gari. A gyara tun da wuri, ko a je kotu a yi takardar rantsuwa, a haɗa da shaidar bautar ƙasa da ta ƙaramar hukuma cikin fayil ɗaya. Duk wanda ya bugo waya ya ce a tura kuɗi kafin a ba da ranar intabiyu, ɗan damfara ne, a kashe wayar.