Masu Zanen Fosta, a Rage Mana Walwali

Duk wanda ya bi titin Gidan Zoo a Kano lokacin yaƙin neman zaɓe ya san abin da ake nufi. Ga fuskar ɗan takara a tsakiya, bayan kansa wani zobe na haske mai ruwan zinariya, zare-zaren shuɗi suna kewaya kafaɗunsa, taurari kuma sun watsu har kan sunan jam'iyya. Katin ɗaurin aure haka, sanarwar wa'azi haka, tallan maganin gargajiya haka, fostar sabon fim ma haka. Walwali ya zama gishirin aikin zane a kwamfuta, kuma hannun masu zubawa ya yi nauyi.

Abin ba a nan ya faro ba. Wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, su suka ƙirƙiro manhajar Photoshop, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. John ma'aikaci ne a Industrial Light & Magic, kamfanin da ke haɗa siddabarun fina-finai, kuma shi ya rubuta dabarar nan da ke kwaikwayon walƙiyar da rana ke yi idan ta daki gilashin kyamara. A 1994 manhajar ta samu damar jera aiki hawa-hawa, kowane sashe a shimfiɗarsa. A 1998 aka ƙara wani maɓalli mai suna Outer Glow, wanda da dannawa ɗaya yake zagaye rubutu ko mutum da haske. Da Windows Vista ta fito a 2007 da hotunan bangonta masu zaren kore da shuɗi, sai salon ya mamaye duniya na 'yan shekaru. Can sun yi yayinsa sun wuce. Nan kuwa ya samu wurin zama, musamman da PixelLab da Canva suka sa kowace waya ta zama ɗakin zane.

Ya kamata mai biyan kuɗin aiki ya san yadda ake haɗa wannan haske, domin sirrin ba shi da zurfi. Gwanin zane yakan fara da baƙin bango. Ya ja layi siriri mai lanƙwasa, fari tas. Ya kwafi layin, ya rina kwafin da launi, a ce shuɗi, ya watsa shi kaɗan da abin da ake kira Gaussian Blur, wanda ya samo suna daga masanin lissafin Jamus Carl Friedrich Gauss. Ya sake kwafa, ya ƙara watsawa fiye da na farko, ya rage masa ƙarfi. Sannan ya umarci manhajar da ta tara hasken shimfiɗun maimakon na sama ya rufe na ƙasa. Abin da ke fitowa shi ne cibiya fara, gefe mai launi, launin kuma yana dusashewa a hankali har ya ɓace cikin baƙin. Ido ya saba ganin haka a zahiri: a dubi fitilar mota da daddare cikin hazon hunturu, yadda ƙura ke tarwatsa hasken ta yi masa rawani.

To, a nan gizo ke saƙar. Farin da ke fuskar kwamfuta yana da iyaka. A tsarin da aka fi amfani da shi, ja da kore da shuɗi kowanne yana tafiya ne daga 0 zuwa 255, kuma idan ukun suka cika, an zo ƙarshen fari. Layin da ke kama da yana ci da wuta bai fi farin shafin rubutu haske ba ko kaɗan, duhun da ke kewaye da shi ne ya ba shi wannan kwarjini. Saboda haka mai zanen da ya zuba walwali goma a fosta ɗaya ya cinye duhun da kowannensu ke dogara da shi. Sai a samu hayaniyar launuka, ba a san inda ido zai sauka ba.

Sai kuma batun maɗaba'a, inda rigima ta fi yawa. Fuskar waya tana fitar da haske ne da kanta. Takarda ko ledar fileks ba ta fitar da komai, tawada huɗu ce kawai ke hawa kanta, kuma mafi hasken wuri a jikinta shi ne inda tawada ba ta taɓa ba. Shuɗin nan mai ɗaukar ido da aka tura wa mai aiki ta WhatsApp ya yaba, idan ya fito daga inji sai ya koma wani bula-bula mai duhu. Gefen da ke dusashewa a hankali ya zama tabo. Mai aiki ya ce an cuce shi, mai inji ya ce shi abin da aka ba shi ya buga, alhali da mai zane ya juya aikin zuwa tsarin launin bugu tun kafin ya nuna, ko ya buga ɗan gwaji a ƙaramar takarda, da kowa ya ga gaskiyar abin da wuri.

Ba za a ɗora wa masu zane laifin duka ba. Yaron da ke zaune gaban CorelDRAW a shago, ana biyansa kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya sha jin magana iri ɗaya: "Malam, a ƙara masa haske, ya yi fayau da yawa." Da yawan masu kawo aiki suna auna wahalar mai zane ne da yawan ƙyalƙyalin da suka gani. Fosta mai tsabta, mai sarari, a wurinsu alama ce ta ganda. Wani lokaci ma hasken da ake nema na fatar mai hoton ne, har a wanke mutum ya zama danginsa ba sa gane shi. Wannan kuma wata magana ce mai zaman kanta.

Manyan masu sana'a ma sun taɓa zarcewa. Daraktan nan J.J. Abrams ya cika fim ɗinsa na Star Trek na 2009 da walƙiyar gilashi har 'yan kallo suka mayar da abin barkwanci. Daga baya ya amsa cewa ya wuce gona da iri, ya kuma ce a fim na biyu sai da ya nemi Industrial Light & Magic su goge masa wasu daga ciki, wato gidan da mai dabarar kwaikwayon walƙiyar ke aiki.

Babu mai cewa a daina. Tallan wasan dare, bangon waya, fostar fim ɗin tsafi, duk suna karɓar walwali. Amma hasken ya zama yana da mafari: idan zaren wuta ya ratsa ta gefen hagun jarumi, kuncinsa na hagu ya ɗauki launin, inuwa ta faɗi dama. Rubutu kuma a bar shi ya sarara. Katin ɗaurin aure aikinsa shi ne ya faɗi rana da lokaci da masallaci, kuma dattijon da zai karanta shi wataƙila ba ya tare da tabaraunsa. Allon da ke bakin titi kuwa, mai babur ɗin da ake so ya gani yana da daƙiƙa biyu ko uku ne kafin ya wuce, kuma lambar wayar da aka nutsar cikin shuɗin hayaƙi ba zai iya kwashe ta ba.