TSOHUWAR MOTA BA ABIN KUNYA BA CE

Ya ku 'yan'uwa mazauna Birni da Zango da Garin Malam, da ku na Mirriya da Magarya da Matamai waɗanda wannan takarda ke isa hannunku. Yau a kan mota za mu yi magana. Wani zai ce, me ya haɗa takardar jam'iyya da zancen mota? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Abin da ya ta da maganar shi ne labarin wani abokin aikinmu, mushen lakwal a nan Damagaram, wanda ya girme mu a shekaru da aiki. Ya ci bashin banki ya sayi wata ƙatuwar mota, irin wadda manyan biro ke shiga. Ran da ya shigo da ita unguwa yara suka bi ta a guje, mata suka yi guɗa, maroƙa suka sami na cefane. Wata uku ba su cika ba sai ido ya raina fata. Banki yana yanke nasa tun albashi bai iso hannu ba. Abin da ya rage, motar ta shanye rabi. Kafin goma ga wata uwargida ta fara aika yaro wajen mai awo a ba su hatsi bashi. Daga baya ma sai motar ta koma kwana da yini a gindin dogon yaro, an lulluɓe ta da tampol, shi kuwa Mushe yana hawa kabu-kabu zuwa lakwal.

Bana ya yi ta maza. Ya sayar da ita, ya biya banki abin da ya saura, ya sayi wata tsohuwar Toyota Starlet wadda ta girmi ɗan farinsa, ragowar kuɗin ya zuba buhunan hatsi a ɗaki. Nan da nan gari ya ɗauka. Samari a fada suna shan shayi suna cewa Mushe ya sauka. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce masa, "Mushe, lafiya dai? Ko wani abu ya faru?" Shi kuwa ya amsa da ladabi, "Lafiya lau, Baba. Barci nake so in riƙa yi da dare."

Mu dai muna bayan Mushe, kuma za mu faɗi dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, lissafi. Mu malaman lakwal aikinmu ke nan, bari mu hau allo. A ce babbar mota tana shan lita 14 a kowace kilomita 100, ƙaramar tsohuwa kuwa lita 7. Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne. Babbar za ta sha lita 126, ƙaramar 63. A ƙaddara lita a kan dala ɗari, watau faran 500, don sauƙin lissafi. Mai babbar ya ƙona jikka 63, mai ƙaramar jikka 31 da rabi, alhali kuwa Yamai ɗin da suka isa guda ce. Ba mu sa kuɗin taya ba tukuna, ba mu sa inshora ba, ba mu sa kuɗin ruwan da banki ke ɗorawa ba, wanda addininmu ma ya yi mana gargaɗi a kansa. Akwai kuma wata hasara ɓoyayya wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Mota mai tsada kullum kuɗinta raguwa yake yi, ko tana tafiya ko tana tsaye a gindin itace. Tsohuwa kuwa ta riga ta gama zubar da yawancin kuɗinta a hannun waɗanda suka fara shiga ta, in ka sayar da ita baɗi abin da za ka rasa kaɗan ne. Kada wani ya ce ai a nan ƙofarmu ake tace mai. Gaskiya ne, tun 2011 matatar SORAZ ke aiki a arewacin garin nan, an gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana. Amma wanene a cikinmu aka taɓa zuba wa lita guda kyauta don shi Badamagare ne?

Na biyu, ƙasa. Babu mota ko guda da ake ƙerawa a Nijar. Kowace mota da kuka gani a kan titi, da tayarta da batirinta da ƙusarta, daga waje aka kawo ta, kuma da gumin ƙasar nan aka biya. A zamanin iyayenmu gyaɗar Magarya da Matamai ce ke biya, domin ita ce babbar hajar da Nijar ke sayarwa waje sa'ad da aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Daga baya yuraniyom na Arlit ya karɓa, ga albasa, ga bisashe, ga man fetur. Saboda haka in ma'aikaci ya zuba miliyoyi a mota don a gan shi, ba aljihunsa kaɗai ya huda ba. Kuɗin nan sun bar Damagaram, sun bar Nijar, sun tafi ba dawowa. Da sun zauna a gida, da magini ya samu, da mai bulo ya samu, da an haƙa rijiya a lambu, da yarinya ta ƙare karatunta. Muna ta kiran 'yanci a bakin lasifika, amma mutumin da albashinsa na shekara biyar ke jingine saboda ƙarfen da aka ƙera a wata ƙasa, wane 'yanci ke gare shi? Ko a wajen aiki ba shi da bakin faɗin gaskiya, domin yana tsoron ranar da za a taɓa albashin.

Na uku, tarihi ya riga ya yi mana darasi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ake saye a kan sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da kayan gyaran mota, albashi kuwa bai ninka ba. Ku tambayi iyayenku motoci nawa suka mutu a tsaye a shekarun nan. Haka kuma a 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, hanyar da motoci da kayan gyara suka saba bi daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Wanda ya wahala shi ne mai motar da sai an yi odar kayanta daga nesa. Mai tsohuwar da kowane makanike ya san cikinta, shi ya ci gaba da tafiyarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu cewa Mushe ya zubar da girma, muna tambayarsu, a ina aka ce girma yana cikin mota? Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da motocin Mercedes na gwamnati, ya sa ministoci shiga Renault 5, ƙaramar mota mai araha. Har yau samarin Afirka suna sa riga mai hotonsa, su kuwa ministocin da suka sha sanyi a bayan Mercedes ba mai tuna sunansu. A maƙwabciyarmu Nijeriya, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, ta mai da Peugeot motar manyan ma'aikata, wadda ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Can ƙasar Yurugwai a Kudancin Amurka, José Mujica ya yi shugabanci daga 2010 zuwa 2015, motarsa ta kansa kuwa tsohuwar Volkswagen ce ƙirar 1987. Duniya ba ta raina shi ba, ƙara ganin girmansa ta yi.

Ba ma sai mun je nesa ba. Garin nan da ciniki ya yi suna. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayari na tashi daga Zango zuwa Agadas da Tarabulus, wani kuma ya nufi Kano. Madugu in zai zaɓi raƙumi ba ya duban wanda ya fi kyan gani, yana duban wanda zai jure ƙishirwa ya kai kaya. Dokin ado da kayan sirdinsa na ranar hawan salla ne, kuma mai shi ya san yana da rumbun da zai ciyar da shi. Kakanninmu sun bambanta abin hawan aiki da abin hawan biki. Mu ne muka rikita su, muka ɗauko dokin salla muka ɗaure a gidan da babu ko dusa.

Amma fa, 'yan'uwa, kada a ji mu a karkace. Ba mu ce a je a kwaso kowace gawar mota don an ce araha ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, wani lokaci ma kisa take yi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 zuwa waje, Afirka ce ta karɓi kaso mafi yawa, kuma da dama cikinsu ba su cika sharaɗin hawa titi a ƙasashen da suka fito ba. Ƙasarmu ba juji ba ce. Tsakanin tsohuwar mota mai lafiya da akwatin gawa mai taya huɗu akwai rata mai nisa, kuma wanda ya bi hanyar Tanut ko ta Gure ya ga ɓaraguzan da ke gefen titi ya san abin da muke nufi.

Don haka ga shawararmu ga duk wanda ya yi niyyar bin sawun Mushe. Ka zaɓi irin motar da ta yi yawa a gari, wadda in ta lalace a Takeita ko a Gidimuni za a sami mai gyara da abin gyara. Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ka biya shi ladansa, ya duba inji da birki da ƙarƙashinta, a tuƙa ta har ta yi zafi a ga ko tana hayaƙi ko tana zubar da ruwa. Ka duba takardunta da kyau, na duwan da na mallaka, lambar da ke jikin takarda ta dace da wadda ke jikin ƙarfe, kada ka sayi rigima da kuɗinka. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a wajen saye, ka ware wani abu domin taya da birki da juyen mai tun makon farko. Kuma in ka san tafiyarka ba ta wuce gida da lakwal da kasuwa ba, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah ko babur ko keke ba zai ishe ka ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sauran magana ga manya. Ba daidai ba ne a ce wa talaka ya ɗaure ciki alhali ana sayen motocin alfarma da kuɗin lanfon da ya biya. Akwai ƙauyuka a ƙasar Damagaram inda yara ke karatu a rumfar kara, da damina ta sauka sai karatu ya tsaya. Akwai inda mace mai naƙuda sai a amalanke ake kai ta asibiti. Kuɗin babbar mota guda ta ofis zai gina ajujuwa da dama na siminti. Muna kira ga duk wanda ya riƙe kujerar jama'a, daga mai gari har minista, ya fara da kansa. Muna kira musamman ga shugabannin jam'iyyarmu, domin wanda bai share ɗakinsa ba ba shi da bakin zagin dattin maƙwabci. In kun zo taro a Damagaram ku zo a motar da ba za ta sa manomi ya sunkuyar da kai ba.

Ku kuma samarin fada, ku daina yi wa Mushe dariya. Jiya mun gan shi ya sauke 'ya'yansa a ƙofar lakwal, kowane da littafinsa da kuɗin tara a hannu. Mai awo ya daina aiko masa da saƙo. Motarsa tana tari da safe kafin ta tashi, gaskiya ne, fentinta ya koɗe, gaskiya ne, amma tasa ce tun daga sitiyari har wutar baya, ba wanda zai zo ya ɗauke ta. Girman kai rawanin tsiya ne. Wanda ya sauke shi ya huta da ciwon wuya.

A karanta wannan takarda a miƙa wa na kusa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya raba mu da bashi, ya rufa mana asiri, ya taimaki ƙasarmu. Wassalam.